Rariyar ƙasa: bin sawunta damina guda a kewayen Samaru

18 ga Mayu

Daren jiya aka yi ruwa na biyu mai ƙarfi. Da safe na caka yatsa a bayan gida, laima ta wuce gaɓa biyu. To, lokaci ya yi. Daga yau zan riƙa rubuta abin da na gani game da rariyar ƙasa, tun daga tsirowarta har ranar da za ta bushe. Abin da nake nema shi ne in san irin ƙasar da take so, da dalilin da ya sa ta yi ƙaranci a inda muka saba ganinta.

Inna ce sanadi. Bara da kaka ta ce in samo mata, tana so ta shanya ta ajiye kamar yadda ta saba. Na fita ina ganin aikin minti 10 ne, don muna yara a ƙofar gida muke tsinkarta, sai kuma gefen hanyar rijiya. Ƙofar gidan yanzu siminti ce, hanyar rijiya ta koma shaguna. Sai da na kwana 3 ina dubawa kafin na same ta a wani fako can bayan gari, ita ma ta fara bushewa. Da na kawo, Inna ta murza ta shinshina, ta ce ita ce. Sannan ta ce, "Kai da kake koyar da yara sha'anin itatuwa ka sha wuya haka, ina ga 'ya'yanka?" Maganar nan ta zauna mini a rai.

Ga wanda bai san ta ba, 'yar ƙaramar ciyawa ce mai rassa da yawa daga gindi, takan kwanta a ƙasa ta ɗago kawunanta, da ƙyar take kaiwa santimita 30. Ganyenta a tsattsage yake kamar na karas, ba gashi a jikinsa, furenta ruwan ɗorawa ne ɗan mitsitsi. Damina guda take rayuwa. Inna 'yar Kontagora ce, da sunan can muka tashi a gidanmu. Maƙwabtanmu Zazzagawa dunkufe suke ce mata. A littattafan ilimin tsirrai sunanta Chrysanthellum indicum.

26 ga Mayu

Na kafa turaka. Kowane wuri murabba'i ne, mita 1 a kowane gefe, da turke 4 da igiyar rama. Fakon da na same ta bara shi ne babban wurin aikina: jar ƙasa ce mai tsakuwa a kan marmara, kusa da burtali, shanu da awaki na ratsa shi safe da yamma. A nan na yi murabba'i biyu, tsakaninsu taku 5. Ɗaya na kewaye shi da ƙaya da kara don kada dabba ta shiga, ɗayan na bar shi a buɗe. Lissafina shi ne na cikin shinge zai nuna mini yadda take girma idan an bar ta ta huta.

Akwai wani a gefen gonar masarar wani dattijo, a kan iyaka, inda garma ba ta kaiwa. Na je na gaishe shi, na faɗi buƙatata. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, ciyawar da muke kashe kuɗi mu rabu da ita kake son tsarewa?" Na ce, "Baba, guda ɗaya ce a cikinsu, kuma ba ta cin masara." Da na kwatanta masa ita ya gane nan take, har ya ce mahaifiyarsa tana dafa wa yara. Ya ba ni izini, amma ya gaya mini tun da wuri cewa ranar feshi ba zai iya tsayawa yana zaɓe ba. Na ce na ji.

Na ƙarshen yana bakin fadama a gefen rafin Kubanni, inda baƙar laka ta haɗu da ƙasar tudu.

9 ga Yuni

Tsiro ya fito ko'ina, amma kowa da ganye biyu, kowa kama da ɗan'uwansa. Tafasa kaɗai nake iya rantsewa a kanta. Ban ƙirga komai ba yau. Na soka tsinken tsintsiya kusa da waɗanda nake zato, sai ganyen gaskiya ya fito.

23 ga Yuni

Yanzu ba shakka. Ganye na uku da na huɗu sun fito a tsage, rabin tsinkayena suna daidai, sauran gogamasu ne da wasu. A fako na ƙirga 41 cikin shinge, 37 a buɗaɗɗen wuri, kusan kunnen doki ke nan. Iyakar gonar Baba 19. Bakin fadama 4 kawai, su ma a ɓangaren da ya fi tudu.

Abin da ya fi ƙirgar daɗi yau shi ne ganyen. Na tsinki ɗaya na ɗaga shi saitin rana, na sa madubin ƙara girma. Jijiyoyin ganyen sun fito kore shar, sun sarƙe da juna, tsakaninsu kuma 'yan tagogi masu haske. Rariya sak, irin ta tankaɗe. A ganina daga nan sunan ya samo asali, kuma duk wanda ya raɗa shi ya ƙura wa ganyen ido sosai, ba madubi ba komai.

Wannan saƙar tana da ma'ana a kimiyya. Tsirrai suna haɗa abincinsu da hasken rana da ruwa da iskar kabon da suke zuƙa ta ƙananan ƙofofin ganye. Yawancinsu, irin su shinkafa da alkama da wake da gyaɗa, suna bin hanyar da ake kira C3. Dawa da gero da masara da rake kuwa C4 suke bi, hanyar da Hatch da Slack suka fayyace a 1966 a Ostiraliya, a kan ganyen rake. A tsiron C4 wasu ƙwayoyin halitta cike da koren sinadari suna zagaye kowace jijiya kamar zobe, can ake tura iskar kabon a tara ta da yawa. Ribar ita ce tsiron yana iya tsuke ƙofofin ganyensa a tsakar rana, ya rage asarar ruwa, aikinsa bai tsaya ba. Zoben nan ne ke sa jijiyar ta fi sauran ganyen duhu. A dangin su rariyar ƙasa, masu jinsi fiye da 20,000, 'yan ƙalilan ne ke da wannan baiwa, kuma tana cikinsu. Wato 'yar ciyawar da ake takawa a fako injinta irin na dawa ne. Na nuna wa ɗalibaina na aji biyar, kowa ya karɓi madubin ya duba, har aka kaɗa ƙararrawa ba su sani ba.

7 ga Yuli

An yi feshi a gonar Baba ranar Laraba. Iyakar gonar ta ƙone ƙurmus, ruwan toka-toka, 19 ɗin nan babu ko ɗaya.

Ban ga laifinsa ba, ya faɗa mini tun farko, kuma na san lissafin. Kuɗin 'yan ƙwadago na firi da maimai ya fi ƙarfin mai ƙaramar gona, galan guda na maganin ciyawa kuwa yaro ɗaya zai goya ya gama da hantsi. Sai dai fartanya da feshi ba aikinsu ɗaya ba. Mai noma da fartanya yana bin kunya, ya bar iyaka da gindin itace da bakin hanya, har yakan tsallake lalo ko gasaya ko rama da gangan don miya. Feshi bai san iyaka ba, iska ma takan kai shi inda mai shi bai nufa ba. Tsiron da damina guda yake rayuwa, dukiyarsa duka irin da ya zubar ne. In aka kashe shi kafin ya yi fure bana, aka sake baɗi, aka sake baɗin baɗaɗa, abin da ke ajiye a ƙasa ƙarewa zai yi. Na bar turakan a wurin don in ga ko wani sabo zai fito.

20 ga Yuli

Fure na farko, a buɗaɗɗen murabba'in fako, da misalin ƙarfe 9 na safe. Faɗinsa bai kai ƙumbar ƙaramin yatsa ba.

Na ce fure, amma taron furanni ne a kan faifai guda. Na tsaga ɗaya da reza a kan farar takarda. Na bakin da'ira kowannensu yana da ɗan harshe rawaya, sun haura 10 a waɗanda na ƙirga, kuma mata ne zalla. Na tsakiya kamar 'yan bututu suke, launinsu ya ɗan fi duhu, kowanne da namiji da mace a cikinsa. Daga ƙasa wasu korayen ɓawo sun tallafe su duka. Wannan tsari shi ne tambarin dangin gaba ɗaya. Shiwaka da tazargade da ɗayi da latas da kashin yawo duk 'yan gida ɗaya ne da ita, ko da yake in ka jera su ba mai cewa sun haɗa kaka sai ya duba furen.

Sunan Chrysanthellum daga Girkanci ne, ma'anarsa ɗan ƙaramin furen zinariya. De Candolle, masanin tsirrai na birnin Janiba, shi ya sa wa wannan jinsi suna a 1836, ya jingina shi da Indiya. A 1988 B. L. Turner na Jami'ar Texas ya sake nazarin zuriyar duka, ya ware irin da ke Afirka da Kudancin Amurka a matsayin reshe guda, ya kira shi afroamericanum. Namu ke nan. Tsofaffin littattafai da masu sayar da magani a Turai har yanzu Chrysanthellum americanum suke rubutawa, shi ya sa mai bincike a intanet zai ga sunaye biyu suna yawo a kan abu ɗaya.

Baƙin da suka ziyarci furen a rabin awar da na zauna: wasu ƙananan ƙudaje masu tsayawa cak a iska, da wani ɗan ƙudan zuma baƙi wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba.

4 ga Agusta

Na ɗauki babur zuwa Dutsen Kufena da ɗalibai biyu. Na so in ga ko tana hawa dutse, tunda a fako ƙasa mara zurfi take so. Mun bi gindin dutsen, muka hau har inda ƙafa ta ba mu dama, muna duba kowane lungu da ƙasa ta taru a kan falalen dutse. A saman babu ita. Tabarmar ciyawar da ke manne da dutsen ta cika wurin ƙam, ba tsagar da wani zai sa kai. A ƙasa kuwa, inda ruwan dutsen ke gangarowa ya baza tsakuwa, da gefen 'yar hanyar da masu itace da makiyaya suka taka ta yi fes, ga ta nan jere kamar an shuka. Taku 3 daga hanyar, inda ƙyasuwa ta kai gwiwa, sai ta ɗauke.

Ɗaya daga cikin yaran ne ya fara lura. Ya ce, "Malam, kamar fa bin mutane take yi." Na rubuta maganarsa a gefen takarda. Mun ɗauki hoton kowane wuri da waya, da alamar taswira, zan ɗora su a iNaturalist, shafin intanet da ake tara hotunan tsirrai da dabbobi, in na samu sabis mai kyau.

17 ga Agusta

Marka. Kwana 4 ba a ga rana sosai ba. Ruwan Samaru a shekara yakan kai wajen milimita 1,000, kuma Agusta ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Murabba'in fadama ya nutse, turke biyu kawai ake hangowa. Da ruwan ya ɗan ja na shiga da takalmin roba, 4 ɗin nan sun yi laushi sun ruɓe daga gindi. Fadama dai ba gidanta ba ce. Tana son ruwa ya zo ya wuce, ba ya kwana ba.

Na leƙa fako a kan hanyar dawowa. Cikin shinge ciyawa ta yi tsayi ƙwarai, harƙiya da ƙyasuwa da tafasa. Sai da na buɗa da hannu kafin na ga rariyar ƙasa a ƙarƙashi. Jikina ya ba ni wani abu, amma zan jira ƙirga.

1 ga Satumba

Na ƙirga sau biyu don kada in zalunci lissafin. Cikin shinge, daga 41 saura 11, kuma 6 ne kawai suka yi fure, kai ɗaya ko biyu kowacce. Sun yi tsawo siriri, kore fari-fari, suna neman sama, ka taɓa su su kwanta. A buɗaɗɗen wuri, daga 37 saura 24. Gajeru ne, sun baje kamar faifai, wasu an taka su sun karye sun sake toho daga gefe, ɗaya akuya ta gutsure mata kai ta fito da rassa 5 a madadinsa. Kowacce da furanni, wata na ƙirga mata kai 30 da ɗoriya.

Shingen da na yi don in kare ta shi ya cuce ta. Na zauna a kan marmara na daɗe ina juya abin, don ya rushe tunanin da na fara aikin da shi. Na ɗauka dabba da ƙafar mutum su ne abokan gabarta. Ashe su ne suke yi mata aski a kewaye. Akuya da saniya suna bin dogayen ciyayi masu daɗi su rage musu tsawo, kofato yana buɗe ƙasa, ita kuma da yake a kwance take, bakin dabba yakan wuce ta sama. Da na hana su shiga, ƙyasuwa ta samu sarari ta yi mata rumfa. Ganyen da na ɗaga wa rana a watan Yuni ya riga ya ba ni amsar, ban karanta ta ba: tsarin C4 na mai rana ne, yana cin ƙarfi kafin ya biya, a inuwa kuwa asara yake yi. Ita da ƙyasuwa injinsu ɗaya, amma ɗaya tana kai ƙirjin mutum, ɗaya ba ta wuce idon sawu.

Murabba'i biyu a damina guda ba su isa a kafa doka a kansu ba, baɗi zan yi 6 ko 8. Amma abin da na gani a nan ya yi daidai da na Kufena, ya kuma yi daidai da ƙofar gidanmu ta da. Wurin da take so shi ne wanda ake takawa amma ba a murƙushe shi ba: bakin hanya, gefen burtali, fako, filin makaranta, iyakar gona, bayan masallacin Idi. Irin wuraren da ba wanda yake ƙirga su cikin dukiya. Ba gona ba ne balle a ce an yi asarar amfani, ba daji ba ne balle ma'aikatan gandun daji su tsare. Kuma su ne suka fi saurin tafiya a garuruwanmu, wannan a shafe shi da siminti, wancan a yanka shi fuloti, burtali a cinye shi da noma har shanu su koma bin kwalta. Mukan yi maganar burtali idan rikicin manoma da makiyaya ya tashi. Ban taɓa jin an ambace shi a matsayin mazaunin tsirrai ba, alhali shi ne.

Na cire ƙayar yau. Kafin in bar wurin awaki 3 sun shiga.

13 ga Satumba

Ranar kasuwa na je layin masu maganin gargajiya da ɗanye guda a leda. Tsohuwa ta farko da na nuna wa ba ta ko karɓa ba ta ce, "Dunkufe." Na ce, "Iya, kina sayarwa?" Ta zaro wani ƙulli daga ƙasan buhu, busasshe, da saiwarsa da komai. Ta ce ana dafawa a sha don shawara da zazzaɓin yara, ana kuma dandaƙa ɗanye a ɗora wa maruru. Ta ce da yara take aika su tsinko a bayan kasuwa, yanzu sai matan ƙauye sun kawo mata. Wani matashi mai rumfa kusa da ita, shi ma maganin yake sayarwa, bai san ta ba sam. Kayansa duk na cikin kwalba ne da kwali.

Ba mu kaɗai muke amfani da ita ba. A Burkina Faso ana sha don ciwon hanta da tsakuwar ƙoda. A Faransa ana sayar da busasshiyarta a shagunan maganin ganye, a matsayin shayi ko ƙwayoyi, don hanta da gudanar jini. Masu binciken sinadarai sun ciro abubuwa da dama daga jikinta, har biyu an sa musu sunanta, chrysantellin A da B. Masu ilimin haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ma sun yi gwaje-gwaje a kanta. Duk da haka ina gaya wa ɗalibaina, kuma na gaya wa Inna: idon da ya yi rawaya asibiti yake buƙata a auna jini, don cutar hanta mai nau'in B tana da yawa a ƙasar nan kuma ba ta nuna kanta da wuri. Jariri mai shawara kuwa ko kwana ba a yi da shi a gida.

Abin da ya dame ni a ƙullin Iya shi ne saiwar. Ana tumɓuke ta ne gaba ɗaya tana cikin fure, kafin iri ya nuna. Na roƙe ta ta gaya wa masu kawo mata su riƙa yanka sama su bar gindi, ko su bar kashi ɗaya cikin uku a tsaye. Ta ce za ta faɗa, amma mai tsinka sauri take yi.

28 ga Satumba

Iri ya nuna. Kan furen yakan buɗe ya baje idan ya bushe, ƙwayoyin suna zaune a kai kamar an jera su a tire, ɗan taɓi kaɗan su zube. Na tara a ambulan na juye a farar takarda, sai ga iri kala biyu daga kai guda. Na bakin da'ira masu kauri ne, kamar 'yar kulki, ba fiffike. Na tsakiya faɗi gare su, baƙi-baƙi, da farin gefe mai kama da toto ya zagaye su. Ba ko ɗaya mai farin gashin nan na lema da iska ke ɗauka, irin na shiwaka ko latas. Ba su kuma da ƙaya irin ta kashin yawo da za su maƙale a wando ko jelar tunkiya.

To yaya take tafiya? Na tsaya a fako ana yayyafi, na ga ɗigon ruwa yana faɗa wa busasshen kai yana watsa ƙwayoyin, sannan ruwan da ke gudu a kan marmara ya kwashi masu faɗin ya tara su a inda tsakuwa ta tare. Na kankare taɓon da ke ƙasan takalmina a kan jarida, na samu guda 2 a ciki. Kofaton saniya ya fi takalmina ɗaukar taɓo nesa ba kusa ba. Maganar yaron nan a Kufena ta fito: bin mutane take yi, da dabbobinsu.

A iyakar gonar Baba guda 2 sun fito bayan feshi, 'yan ƙanana, har ɗaya ta yi fure. Akwai sauran ajiya a ƙasar ke nan.

12 ga Oktoba

Ruwa ya ja baya, kwana 9 rabonmu da shi. Na danne guda 5 cikakku, da saiwa da fure da iri, tsakanin tsofaffin jaridu da katako biyu, na ɗora bulo a kai. Kullum da yamma nake canza jaridar don kada su yi fumfuna. Kowacce da takardarta: rana, wuri, irin ƙasa, tsirran da ke maƙwabtaka da ita, da sunayenta biyu na Hausa. Na dage a kan sunayen. J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a ƙasar Hausa, ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, kuma har gobe masu bincike suna komawa gare shi, saboda ya tambayi mutane ya rubuta abin da suka ce. Guda 2 na ware zan kai ma'ajiyar busassun tsirrai ta jami'a, sauran na makarantarmu ne.

Labari mara daɗi: an kafa duwatsun fuloti a fako. Ɗaya yana taku 7 daga turakana, an shafa masa jan fenti.

2 ga Nuwamba

Ta bushe duka. In ba ka san wurin ba, ba za ka ce wani abu ya taɓa fure a nan ba. 'Yan tsinkaye ne ruwan ƙasa da iska ke karyawa. Daga ganye biyu zuwa wannan, wata 5 ba cika ba. An sa wa ciyawar gefen burtali wuta, ta ci har bakin fakon ta mutu don ba ta samu abin ci ba. Inda shingena yake a da ne kawai ya ɗan babbake, saboda ragowar karan ƙyasuwa.

An sauke yashi tifa guda da bulo a fulotin. Na samu mai wurin, na gaishe shi, na ce, "Alhaji, kafin a haƙa tushe ina roƙon ƙasar saman nan." Ya yi mamaki, ya tambayi me zan yi da tsakuwa. Na nuna masa hoton furen a waya. Ya ce in ɗiba ko nawa nake so. Ni da yara 4 muka kankare saman da faranti da tsintsiya, zurfin gaɓar yatsa, muka cika buhu 3.

8 ga Disamba

Hunturu ya shigo sosai. Irin da na tara yana cikin ambulan 4 na takarda, na bakin da'ira daban, na tsakiya daban, na fako daban da na Kufena, duk a cikin gwangwanin madara mai murfi a ɗakin da ba ya zafi. Leda ba ta yi, tana riƙe laima.

Makonni biyu da suka wuce na gwada 50 a kasko, 25 daga kowane kala, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Guda 3 suka fito, duka daga masu faɗin. Yawancin ciyayin damina haka irinsu yake, sabo ba ya tashi sai ya sha zafin bazara, kuma sanyin yanzu ma ba ya taimakawa. Zan sake a ƙarshen Maris, sannan a farkon Mayu, in ga ko masu kaurin jinkiri suke yi da gangan.

Buhunan ƙasar suna ɗakin ajiyar makaranta. Shugaban makaranta ya amince in baza su a gefen hanyar da yara ke bi daga aji zuwa famfo, wurin rana ne, tsakuwa ce, kuma awakin unguwa suna shigowa ta ɓarakar katanga. Na roƙi mai gadi kada a yi feshi a wannan layin, ya ce in kafa alama. Ba shinge wannan karon, turaka kawai masu farin fenti. Baba ma ya ce in na zo da wuri baɗi zai bar mini taku 10 na iyakarsa, ni zan nome masa wurin da fartanya.

Inna ta karɓi ƙullinta na bana, yankakke ba tumɓukakke ba. Ta kuma ce in ba ta ambulan guda, akwai wani lungu bayan madafa da siminti bai kai ba, inda kaji ke tono. Na ba ta na Kufena. Za mu zuba bayan ruwan farko.